Teburin Gyaran Kifin Baba

Shekara 12 ina waldar ƙofofi da tagogi a Jidda, don haka da surukina ya ce yana son teburin gyaran kifi a tsakar gida, wanda ruwan gishiri ba zai ci ba, sai na bugi ƙirji. "Baba, kwana biyu ma ya yi yawa."

Na sayo fallen alminiyom 5052 mai kaurin milimita 3, tsawo santimita 120, faɗi 60. Ƙafafun na bututu ne mai kusurwa huɗu, na yanka su santimita 90 don kada bayan tsoho ya ƙage. Na aro injin TIG, mai walda da iskar argon, da tukunyar iskar, na haɗa da sandar ciko 5356, ita ce ke jure ruwan teku.

Ashe alminiyom ba ya sallama. Ƙarfe yakan yi ja kafin ya narke, shi kuwa yana nan fari fat. Ina jiran ya yi ja, sai ga rami, har ina hango yatsun ƙafata ta ciki. Shi a digiri 660 yake narkewa, amma siririyar fatar da ke samansa sai zafi ya haura 2,000. Kafin fatar ta saki, na ciki ya zama kunu. Sai da na goge wurin da asiton, sinadarin cire maiƙo, na kankare da sabon burushi marar tsatsa wanda bai taɓa baƙin ƙarfe ba, na mayar da injin kan wutar AC, wato lantarki mai kai da komowa, sannan ya fara saurarona.

Zafin Jidda kuwa ba a magana. Na kunna fanka na saita ta a kaina, na ji daɗi. Ita kuma ta kwashe argon ɗin da ke kare waldar daga iska, ɗinkin ya fito baƙi, duk ƙananan ramuka kamar rariya. Na kashe fanka, na kankare, na sake cikin gumi.

Gefen da na yi wa walda a dogon layi ɗaya shi ma ya lanƙwashe, don zafi yana gudu a jikin alminiyom. Ɗigo-ɗigo ake fara kamawa, sannan a riƙa yin santimita 5 nan, a tsallaka can. Notuna ma na canza zuwa marasa tsatsa na 316 da washar roba a tsakani, in ba haka ba gishiri ya haɗa su faɗa, alminiyom ɗin ne zai lalace.

Rana ta tara Baba ya dawo daga kasuwar kifi ta Bangala da kifinsa hamur. Gangaren santimita 2 da na bayar yana nan daidai, sai dai na juya fallen. Ramin magudana yana can baya a bushe, ruwan ƙarni da ɓawon kifi suka gangaro cikin takalmin Baba. Magunan unguwa suka jeru a kan katanga.

Ya dubi ƙafarsa, ya dube ni. "Sannu da aiki, yaro. Wannan na wankin ƙafa ne, ina na kifin?"