Kwamfutar shago ba ta ƙirga katan da kanta

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, 'yan kasuwa da dama a Singa da Kantin Kwari suka rungumi POS da taransfa, wasu suka ƙara da manhajar lissafin kaya. Ba a jimawa sai ka ji ana cewa kwamfutar ƙarya take yi. A ganina, abin da aka ba ta shi take dawo da shi.

Aikinta ba ɓoyayye ba ne. Duk cinikin da aka shigar yana taɓa wuri uku lokaci guda: ya rage kayan sito, ya ƙara kuɗin da ya shigo ko bashin da ake bin abokin ciniki, sannan ya fitar da riba daga farashin saro. Idan ɗaya ya karkace, sauran sun bi shi.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne ma'auni. Ɗauki katan ɗin taliya mai leda 20. Yaron sito ya karɓi katan 50, ya rubuta 50, mai tsaron shago kuma yana sayarwa leda-leda. Da an sayar da leda 50, allo zai nuna kaya sun ƙare, alhali katan 47 da rabi na jibge a bayan shago. Maganin shi ne tun ranar farko a faɗa wa manhajar cewa katan ɗaya leda 20 ne, a bar ta ta riƙa juyawa. Haka kuma kowane kaya lamba ɗaya tak. Galibin kayan kamfani sun zo da zanen lambarsu (barcode) mai alƙaluma 13, na ƙarshen shi ke kama kuskuren karantawa. Atamfa da shinkafar kwano kuwa, mai shago ne zai ƙirƙira musu tasu, in ba haka ba kaya ɗaya ya fito da suna uku.

Sai bashin "za a rubuta anjima", musamman idan ɗan'uwan maigida ne ya ɗauki kayan. Anjiman nan ba ya zuwa. Shi ya sa kowane ma'aikaci yake buƙatar kalmar sirrinsa, a kuma hana kowa goge rasit sai da izinin maigida. Shagon da mutum huɗu ke shiga manhajarsa da suna ɗaya ba shi da wanda zai tuhuma.

Kafin a rufe kullum, a gwada cinikin da manhaja ta nuna da jimlar tsabar da ke aljihun tebur da abin da ya shiga asusun banki, daga manhajar bankin, ba hoton rasit da aka nuna a waya ba. A kowane mako a ƙirga kaya iri 20 da hannu.

Idan bayanan sun tsaftata, ribar ta fito. Kana sayar da katan 12 a rana, mota na ɗaukar kwana 5 daga Legas, ka ƙara rarar kwana 2: da kaya sun sauka zuwa katan 84, manhaja ta tuna maka ka yi oda.

A haɗa kwamfutar da batirin ajiya, don ɗaukewar wuta a tsakiyar ciniki na iya lalata rumbun bayanan. A yi wa bayanan kwafi biyu kowane dare, ɗaya a filash, ɗaya a intanet, kuma sau ɗaya a wata a buɗe kwafin a wata kwamfuta a tabbatar yana tashi.