Tanki a sama, ƙishirwa a ƙasa

Wata bakwai ke nan famfon sola na ƙauyenmu bai ɗigo ko ɗigo ɗaya ba. Wata bakwai! Ranar da aka zo buɗe shi kuwa, motoci har bakin masallaci, ga maroƙa, ga masu kalangu, kakata ma sai da ta rangaɗa guɗa. Aka ce mun huta da sayen dizal, mun huta da jan guga, rana ce za ta riƙa ɗebo mana ruwa kyauta. To ranar dai tana nan, bazarar bana kamar ta dafa mutum. Ruwan ne babu.

Ɗan kwangila ya haƙa burtsatse, ya kafa faifan sola, ya ɗora tanki a kan ƙarafuna, ya karɓi kuɗinsa ya kama gabansa. Ko yaro ɗaya bai koya wa komai ba. Babu wanda ya ce mana ƙurar hunturu tana rufe faifan, sai an riƙa gogewa. Da injin da ke cikin ramin ya tsaya, muka yi karo-karo, har da kuɗin ƙuli-ƙulin mata, muka ɗauko mai gyara daga Kano. Ya ce ruwan ƙasa ya ja baya, injin ya yi ta aiki a bushe har ya ƙone, don ba a sa masa abin da zai kashe shi ba in ruwa ya yanke. Wato tun farko aikin ha'inci ne.

Mun je wajen waɗanda suka kawo aikin, suka ce ai sun miƙa wa al'umma. Wace al'ummar? Da wane kuɗin? Muna cikin wannan zirga-zirga ɓarayi suka kwance faifai biyu cikin dare, tunda ko mai gadi ba a tanada ba.

Abin da ke ci mini rai, tun 2013 aka tabbatar Najeriya ta rabu da kurkunu, ga shi yau yaranmu sun koma kududdufin da shanu ke sha, wanda ya gurgunta iyayenmu a da. Damina na shigowa kuma amai da gudawa ne. Mai hali ya sayi jarka wajen 'yan garuwa, mu kuma ƙanwata takan fita tun asuba, ta dawo an gama darasin farko.

Allon da ke ɗauke da hoton mai gidan da ya kawo aikin, shi kam lafiyarsa lau. Makon jiya ma aka turo yara suka sake masa fenti.