Mantiƙi ba baƙo ba ne

Wai wani marubuci cewa yake sai an kwaso darasin kafa hujja daga Turai kafin matasanmu su iya muhawara, ni kam ban yarda ba. Mantiƙi, wato ilimin kafa hujja da auna dalili, ai ya daɗe a zaurukan malamanmu, Shehu Magili da ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa har musayar baitoci suka yi da malamin Masar Imamu Suyuɗi, shi yana kare ilimin, Suyuɗi yana haramta shi. Matsalarmu a Facebook ka kawo wa mutum dalili sai ya ce ai kai ɗan jam'iyya kaza ne, shikenan magana ta mutu. Kai ɗan'uwa da ka rubuto "malamina ya faɗa", to in malamai biyu suka saɓa da me za ka auna?