Gaban ɗaki mai lamba 306 ba dandalin rawa ba ne

Bidiyon nan da ke yawo tun jiya, na ɗan'uwanmu da ya je Memphis ya tsaya a ƙarƙashin barandar Lorraine Motel yana tiƙar rawa, rashin tarbiyya ne, kada wanda ya canza masa suna. Sannu da aiki, Alhaji. Mun gani, ka je Amurka, Allah ya ƙara biza.

A kan wannan barandar, gaban ɗaki mai lamba 306, aka harbe Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fatan Amurka, ranar 4 ga Afrilu, 1968, yana da shekara 39. Kuma me ya kai shi garin? Masu kwasar shara. A ranar 1 ga Fabrairun shekarar, Echol Cole da Robert Walker suka fake wa ruwan sama a bayan motar shara, injinta ya tashi ya murƙushe su. Baƙaƙen ma'aikata kusan 1,300 suka tsunduma yajin aiki, suna ɗauke da alluna masu cewa su ma mutane ne. Su ya je mara wa baya, aka kashe shi. Nan ka zaɓa ka yi rawa.

Wai ai wurin yawon buɗe ido ne, tikiti ya saya. Tikitin na shiga gidan tarihin da aka buɗe a otal ɗin a 1991 ne, ba na cashewa ba. Wai bai sani ba. Furannin juyayin da aka rataye a barandar fa, na biki ne? Masu cewa hassada muke yi kuwa, ba ni da lokacinku.

Memphis ba ta rasa wurin rawa ba. Ga titin Beale da kiɗansa har tsakar dare, ga Graceland gidan mawaƙi Elvis Presley, ga gidan tarihin kiɗa na Stax. Je can ka karya ƙugu, ba mai ce maka uffan.

Abin da ke min ciwo, tsakani da Allah, shi ne kafin dokar 1964 da ta haramta wariyar launin fata, mai fata irin tamu ba ya samun makwanci a yawancin otal-otal ɗin garin. Lorraine na cikin ƙalilan da ke karɓar baƙar fata. Otal ɗin da ka kwana jiya, da jinin wasu aka buɗe maka ƙofarsa. Tsayuwar minti ɗaya shiru ba ta fi ƙarfinka ba.