Ranar da Agogona Ya Ba Ni Kore

Lafiyata ƙalau na sayi agogon nan, ba ciwon kai ba ciwon ƙafa. Wani abokina ne ya zuga ni, wai kullum da safe zai ba ka maki daga 0 zuwa 100, ya gaya maka ko jikinka ya huta. Kore ka fita ka motsa jiki, rawaya ka bi a sannu, ja ka nemi wuri ka zauna. Sati guda da ɗaura shi na zama majinyaci.

Abin da yake bibiya cikin dare shi ne tazarar da ke tsakanin bugun zuciya. Ashe zuciya ba ta tafiya daidai wa daida kamar agogon bango. Ko tana bugawa sau 60 a minti, wata tazarar takan ɗara daƙiƙa ɗaya kaɗan, wata ta gaza. Wannan saɓanin shi suke kira HRV, ana auna shi da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. In lambar ta yi sama, wai jiki ya huta. Na abokina 88. Nawa 17. Da ya leƙa wayata sai ya yi shiru, ya dafa kafaɗata irin dafawar da ake yi wa wanda aka sallama daga aiki.

Tun daga nan, ido ko gama buɗewa bai yi ba nake lalubo waya. Yau ja, gobe rawaya in ɗan murmusa, jibi ja kuma, alhali barci na yi har da munshari. Ran nan uwargida ta ce in ɗauko mata bokitin ruwa, na marairaice na ce, "Maman yara, kashi 21 nake yau, ki tausaya." Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Maigida, bokitin ma ai bai cika ba. Kun yi daidai."

Wani dare na cire agogon na sa a caji, barci ya kwashe ni. Da safe na tarar da shi a gefen gado, waya kuma tana haske da launin da ban taɓa gani ba. Kore! Kashi 96, HRV 104! Na ce lallai cikin magagi na ɗaura na cire. Nan take na tura wa abokina hoton, na zura takalmi, na fita gudu kamar an koro ni. Kilomita ɗaya da rabi na yi, gwiwa ta ce ba da ita ba. Da dafa bango na dawo, ina huci, harshe a waje.

Ina zube a kujera autana, ɗan shekara 11, ya matso yana sosa ƙeya. "Baba, agogonka yana da kyau. Har koren haske yake yi a ƙarƙashin bargo."

Shi ya kwana da shi.

Ba nan ta tsaya ba. Agogon yana gwada daren yau ne da matsakaicin dararenka na baya, kuma yanzu ya ɗauka ni ne mai 104 ɗin nan. Kwanakin da suka biyo baya ja ne wur, har manhajar tana lallashina in rage wahalar da kaina. Ni da ko tsakar gida ba na iya tsallakawa saboda gwiwa.

Tsoro ya kai ni wajen likita. Ya manna mini wayoyi a ƙirji ya ɗauki rubutun zuciya, ya duba, ya ce babu abin tashin hankali. HRV yana raguwa da shekaru, akwai gado a ciki, kuma gwada naka da na wani aikin banza ne. Sannan ya juya agogon ya nuna mini bayansa. Haske yake harbawa cikin fata, yana karanta yadda jini ke kumburo jijiya. Madauri ya yi sako-sako, ko hannu ya yi sanyi, ko ka danne shi cikin barci, sai lissafi ya kauce. Ya ɗauki biro ya ce a ce ya kauce da milisakan 4 kacal. Ga mai 88, kuskuren bai kai kashi 5 cikin ɗari ba, ko a jikinsa. Ga mai 17, kusan kwata ne. Wato juyi ɗaya a kan katifa ya isa ya tura ni daga rawaya zuwa ja.

"Malam, ka duba yadda yake tafiya cikin makonni, ka bar na safiya ɗaya. Yanzu ya kake ji a jikinka?"

Wallahi sai da hannuna ya nufi aljihu zan duba waya, kafin na tuna ni ake tambaya.

Na ƙara wa madauri rami ɗaya, na daina kwanciya a kan hannun hagu, caji kuma a saman kabad. Jiya da safe uwargida ta riga ni ɗaukar wayar, ta karanta da ƙarfi, "Kashi 71, kore." Ta ajiye mini bokiti biyu a gaba.