Yadda kyamarata ta ƙara wa Goggo ƙiba

Tun da Yaya ya bar mini tsohuwar kyamararsa aka naɗa ni mai hoton dangi. Babu wanda ya nemi shawarata, babu kuma wanda ya taɓa biyana ko kuɗin batir, alhali guda huɗu take ci a tashi ɗaya, irin na agogon bango. Canon PowerShot A620 ce, fitowar 2005, mai megafiksel 7.1 da ɗan sikirin da ake juyawa ta ko'ina. Ta tsufa, amma hotonta tas yake fita. Matsalar tana ga gidanmu na cikin birni. Tsakar gidan, in ka cire wurin randa da murhu, bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba, kuma nan ake yin kowane suna. In mata suka jeru a ɗauke su, sai in yi ta ja da baya har ƙeyata ta bugi bango, duk da haka na gefe ba sa shiga. Wadda ba ta fito a hoto ba kuwa, sai an yi wata tana amsa gaisuwata a daƙile.

Wani abokin aikina ya yi mini lissafin. Gilashin kyamarar, a ma'aunin kyamarar fim, daga milimita 35 yake farawa zuwa 140, kuma ƙaramar lambar ita ce iyakar faɗin da zai iya kwasowa. Ya ce akwai gilashin da ake ƙarawa a gaba, wanda kamfanin ya yi mata, mai lamba 0.7. In ka ninka 35 da 0.7 ka sauko wajen 24, sai kowa ya shiga har da akuya. Na tambayi kuɗinsa a intanet, na rufe wayar na yi shiru.

Sai na shiga kasuwa. Mai shagon, wani dattijo mai tabarau a kan hanci, ya saurare ni har na gama, sannan ya zaro wani kwali mai rubutun zinare ya hure ƙurar da ke kai.

"Malam, me za ka yi da 0.7? Ga 0.45. Wannan unguwarku gaba ɗaya zai ɗauko."

Na lissafa a zuci, 35 sau 0.45 bai kai 16 ba. Kuɗinsa kuma bai kai rabin wancan ba. Da na biya har ya yi mini gyara da wani gilashin na jawo nesa, mai lamba 2.2, wai ya daɗe a shago yana cin wuri.

A gida na zauna a kan darduma, gilashi a dama, kyamara a hagu, ina ta juya su. Gindin gilashin yana da zaren murɗawa, gaban kyamarar kuwa sumul. Ga shi kuma idonta ba a tsaye yake ba, in an kunna ya fito, in an kashe ya koma, babu inda za a ɗaura komai. Uwargida ta leƙo ta ce ko ta kawo mini salatif. Ashe irin waɗannan ƙananan kyamarori sai da adafta, wani bututun roba da ke rufe idon ya bar masa wurin shiga da fita, a bakinsa ake murɗa gilashin. Akwai ɗan maɓalli kusa da idon, in ka danna sai zoben ado da ke wurin ya cire, nan bututun ke zama. Na wannan kyamarar sunansa LA-DC58F, kuma ba kowane bututu ne ke shiga kowace ƙira ba.

Na samo bututun bayan yawo mai tsawo. Ya zauna daram, har da ƙara "ƙas". Na ɗauko gilashin zan murɗa, sai ya faɗa ciki yana lilo. Lambar 58 da ke cikin sunan bututun faɗin bakinsa ce, milimita 58. A gindin gilashina kuwa an rubuta 52 da ƙananan baƙaƙe, kusa da wani ɗan da'ira da aka soke da layi. Na koma wajen dattijon.

"Baba, bai shiga ba."

"Ai ba zai shiga ba, sai da zobe. Ka ce mini kyamararka 58 ce?"

"Ba ka tambaye ni ba."

"To ni ma ba ka tambaye ni ba."

Ya sayar mini da zoben da ke rage 58 zuwa 52. Yanzu kyamarar da nake sakawa a aljihun kaftani ta zama hawa huɗu: ita kanta, bututu, zobe, gilashi. Gabanta ya fi bayanta nauyi, in na ajiye ta a tebur sai ta kife da ka.

Na kunna. Abin da na gani a sikirin kamar mutum ya faɗa rijiya yana kallon sama, hoto zagaye a tsakiya, kusurwoyi huɗu baƙi ƙirin. Bakin zoben ya matse, kyamarar tana hango gefen ƙarfen kanta. Maganin shi ne a ɗan jawo hoton da zum har duhun ya fita. Na jawo, na ƙara jawowa, duhu ya tafi. Da na cire kayan duka na gwada kyamarar ita kaɗai daga inda nake tsaye, sai na ga bambancin bai wuce buta ɗaya da rabin taga ba. Duk wannan ɗawainiya buta ta saya mini.

Na jawo nesa kuwa a Hawan Daushe na gwada shi, a Ƙofar Kudu, da la'asar. Shi nasa sharaɗin, sai an kai zum ƙarshe, in ba haka ba duhun nan ya dawo. A ƙarshen zum kuma ko numfashi ka yi hoto ya girgiza, balle mutane na turo ka ta baya. Ɗan tagar leƙawa da ke sama, bututu ya tare rabinta, sikirin kuma rana ta wanke shi. Na dawo gida da hotunan ƙura, da wutsiyar wani doki, da hular wani bawan Allah da ya tsaya a gabana, wadda ta fito ras har ana ƙirga zaren aikinta.

Ranar sunan ɗiyar Yaya na yanke shawarar ba zan yi asarar faɗin da na biya ba. Zan bar zum a ƙasa, in yanke baƙin kusurwoyin daga baya a kwamfuta. Mata suka jeru bayan magariba, mai jego a tsakiya da jaririya, Goggo a can gefen dama saboda ta ce ba za ta tashi daga kujerarta ba, ƙafa na damunta. Goggo ƙanwar mahaifinmu ce, siririya ce tun tana budurwa, kuma duk gidan babu mai iya musu da ita. Na ce kowa ya yi murmushi, fitilar kyamara ta haska.

Fitilar tana manne a jikin kyamarar, wanda ya ƙera ta bai san za a kafa mata bututu da gilashi a gaba ba. Hasken ya bugi gilashin, inuwarsa ta faɗa ƙasan hoton, wani baƙin rabin da'ira da ya haɗiye yaran da suka zauna a gaba gaba ɗayansu, sai idon ɗaya daga ciki. Bangon gidan ya lanƙwashe ya yi ciki. Mai jego a tsakiya ta fito ƙarama, can nesa, sai ka ce a gidan maƙwabta take. Irin wannan gilashin tsakiya yake kyautatawa, abin da ke gefe sai ya ja shi ya shimfiɗa, ya yi masa shuɗi-shuɗi a baki. A gefen kuwa Goggo ce. Kumatu sun cika, kafaɗa ta buɗe, hannun da ta ɗora a gwiwa ya yi suɓul-suɓul.

Na yi niyyar gogewa, amma wata ƙanwar matata ta riga ta leƙo, ta saki dariya, kyamara ta fara yawo hannu zuwa hannu. Ina ƙoƙarin karɓa in cire gilashin in sake ɗauka, sai gabansa ya kwance ya bar rabin bayansa a jiki. Ashe biyu ne a haɗe, na bayan na ɗaukar ƙananan abubuwa ne daga kusa, da shi kaɗai komai ya wuce tsawon tafin hannu sai ya zama hazo. Zoben kuma ya cije, ƙurar Daushe ta shiga zarensa. Ina matsawa yana ƙara kamawa, don siririn ƙarfe ne, in ka danne shi da yatsu biyu sai ya ɗan lotse. Kawu ya ce a kawo filaya. Wata yarinya 'yar firamare ce ta cire robar da ta ɗaure kitsonta, ta naɗa a jikin zoben, ta murɗa a hankali ya fito. Kafin nan an kira isha'i, rabin matan sun yafa gyale.

Da safe aka ce Goggo na kirana. Na shiga na durƙusa, na gaishe ta, na fara shirya haƙurin da zan bayar. Ta miƙo hannu, na ba ta kyamarar, ta daɗe tana kallon hoton tana karkata kai.

"Kai, ɗan nan. Wannan ni ce?"

"Goggo, gilashin ne, yana da wata..."

"Yi mini shiru. Ana wanke shi a takarda?"

"Ana wankewa, amma bari in sake ɗaukar ki da kyau."

"Kar ka sake ka taɓa shi. Ka wanke mini uku, manya. Ɗaya a ɗakina, ɗaya Kaduna wajen 'yata. Na ukun ka kai wa abokiyar zamana da hannunka, ita da take yawo da ni a gari wai tun rasuwar Malam na rame."

Ta ce kuma bikin watan gobe da wannan gilashin zan zo, kuma kujerarta a gefe za a ajiye.