Minti Uku a Allo, Wata Shida a Daji

A hutun da ya wuce na kwana biyu a gidan yayata a Kaduna, kuma mafi yawan daren farko a ɗakin ɗanta na yi shi. Yaron ya gama sakandare, yana jiran sakamakon jarrabawa, ba shi da aiki sai PlayStation. Na shiga ne da niyyar yi masa faɗa, don tun daga tsakar gida nake jin ƙarar harbi. Da na zauna kuma sai na tarar harbin kaɗan ne. Abin da ya fi yawa shi ne shiru. Ya manna abin ji a kunne, ya sunkuyo, yana tuƙa wata 'yar na'ura mai taya biyu tana bin ƙarƙashin ƙofa tana leƙa ɗakuna. Can sai ya ce da abokansa a hankali, kamar mai tsoron a ji shi: "Mutum biyu a sama, ɗaya na bayan kanta, kada kowa ya shiga tukuna."

Wasan shi ne Rainbow Six Siege na kamfanin Ubisoft, wanda reshensa na Montreal a Kanada ya ƙera, ya fito a watan Disamba na 2015 a PlayStation 4 da Xbox One da kwamfuta. Zuriyarsa ta faro tun 1998. Tsarinsa ba wuya: mutum biyar a cikin gini suna tsaro, mutum biyar a waje suna neman shiga. Kafin a fara ana ba da daƙiƙa 45. Na ciki su ƙarfafa bango da ƙarfe, su toshe ƙofa da katako, su ɗana tarko. Na waje su tura na'urorin leƙensu. Daga nan sai kusan minti uku na gumurzu, kuma wanda aka kashe ya fita ke nan har zagayen ya ƙare. Harsashi ɗaya a ka ya wadatar. Bango yana fashewa, daɓe yana hujewa, rufi ma ba abin dogaro ba ne. Wanda ya faɗa ɗaki da gudu don ya ga yana riƙe da bindiga, shi ne gawar farko.

Zan faɗi matsayina tun yanzu. Ba na tare da masu cewa irin wannan wasa yana mayar da yaro ɗan ta'adda. Mu da muka ga yadda aka ɗebi samari a Borno da Yobe, muka ga yadda daji ya cika da matasa masu bindiga a Zamfara da Katsina, mun san ba ta hanyar fad ɗin buga gem da talabijin aka ɗebe su ba. Yawancinsu ko wutar lantarki ba su taso da ita ba. Talauci ne, da zalunci, da gaba ta gado, da wa'azin ɓata, da bindigar da ta yi arha. Ɗora wa gem laifin nan neman sauƙi ne kawai, an bar jaki ana dukan taiki.

Damuwata wata ce dabam, kuma sai da na kai dare na biyu kafin na gane ta.

A wasan akwai salon da ake ajiye mutum guda a tsakiyar ɗaki, hannu a ɗaure, a ce a je a ceto shi. Akwai kuma wani jarumi cikin waɗanda ake zaɓa a wasan da ake kira Fuze, na rundunar Rasha, wanda makaminsa shi ne ya manna wata na'ura a bango ta tofa ƙananan gurneti cikin ɗakin. Wani daga cikin abokan yaron ya yi gaggawa, ya manna ta a bangon da bai leƙa ba. Ɗakin ya ɗauki ƙara, allo ya nuna sun faɗi, don wanda suka zo ceto ya mutu. Suka yi masa ca, sannan suka fashe da dariya, aka shiga zagaye na gaba. Na ce, "Kai, mutumin da kuka kashe fa?" Ya ce, "Kawu, ai yanzu zai dawo."

A nan ne na yaba wa wasan, a nan ne kuma na ji ya sosa mini wurin da ke ciwo. Na yaba masa saboda ya kafa doka mai kyau: idan ka kashe wanda ka zo ceto, ka faɗi, ko da ka karkashe abokan gaba. Gwamnatoci da yawa ba su kai ga wannan fahimtar ba. A watan Oktoba na 2002, lokacin da 'yan bindigar Chechniya suka tsare ɗaruruwan mutane a wani gidan wasan kwaikwayo a Mosko, jami'an Rasha sun fesa iskar gas mai sa barci kafin su kutsa. An kashe maharan duka, amma kusan mutum 130 daga cikin waɗanda aka tsare sun mutu, akasarinsu saboda gas ɗin. A ma'aunin wasan nan, wannan faɗuwa ce ƙarara.

Abin da ya sosa mini rai kuwa shi ne "yanzu zai dawo". A Kaduna muke zaune. A ranar 28 ga Maris 2022 aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, aka kashe wasu, aka kora wasu daji. Mutum 23 na ƙarshe ba su dawo gida ba sai a watan Oktoba, bayan fiye da wata shida. A tsawon watannin nan babu bangon da aka fasa, babu minti uku. Abin da aka yi shi ne jira, da waya, da masu shiga tsakani, da iyalai masu zarya daga ofis zuwa ofis, da addu'a a masallatai da coci-coci. A ƙauyuka kuwa, inda ba kyamara, labarin ya fi haka muni: a sayar da gona, a sayar da shanu, a yi karo-karo a unguwa, a kai kuɗi da buhun shinkafa da katin waya, wani lokacin ma a riƙe wanda ya kai. Mutumin da ke durƙushe a tsakiyar ɗakin nan, a wurin mai ƙera wasa a Montreal alama ce ta cin maki. A wurinmu yana da suna, yana da uwa.

Rundunonin da wasan ya fara da su duk na gaske ne: SAS ta Birtaniya, GIGN ta Faransa, GSG 9 ta Jamus, Spetsnaz ta Rasha, da 'yan kundumbalar FBI ta Amurka, jimillar jarumai 20 da ake zaɓa daga ciki. Kowacce da tarihin da ya haife ta. Jamus ta kafa GSG 9 ne bayan abin kunyar Munich a gasar Olamfik ta 1972, inda 'yan tawagar Isra'ila 11 suka mutu, tara daga cikinsu a yunƙurin ceto da ya watse a filin jirgi. Shekara biyar bayan haka rundunar ta ceto fasinjojin jirgin Lufthansa a Mogadishu. Aikin da ya fito da sunan SAS kuwa shi ne na ofishin jakadancin Iran a Landan a 1980, wanda duniya ta kalla kai tsaye a talabijin. Kutsen ya ɗauki kimanin minti 17. Abin da ake mantawa shi ne kwana shida da suka gabace shi: 'yan sanda na ta magana da maharan shida, ana sako mutane ɗaya bayan ɗaya, ana cusa na'urar sauraro ta bango, ana nazarin taswirar ginin. Ba a ba da umarnin shiga ba sai da aka kashe mutum guda aka jefo gawarsa. Wasan ya ɗauki minti 17 ɗin ya yi gini a kansu, kwana shidan kuma ya matse su a daƙiƙa 45.

Kuma ko ƙwararrun nan ba kullum suke dacewa ba. Mu shaida ne. A ranar 8 ga Maris 2012, sojojin musamman na Birtaniya tare da jami'an Najeriya sun kai samame wani gida a unguwar Mabera a Sakkwato, don ceto injiniyoyi biyu, Bature ɗan Ingila da ɗan Italiya, da aka sace a Birnin Kebbi a shekarar da ta gabata. Kafin a isa gare su masu tsaron su sun kashe su. Horo akwai, kayan aiki akwai, amma aka fito da gawa biyu. Wannan ne ya sa nake jin tsoro duk lokacin da aka yi satar mutane na ga samari a Facebook suna rubuta "a shiga kawai a gama da su". Ban ce gem ne ya koya musu ba, fina-finai sun riga shi. Amma hoton iri ɗaya ne: jarumai biyar, ƙofa ɗaya, a fasa, a fito da mutum lafiya. Dajin Birnin Gwari ba shi da ƙofa. Waɗanda aka sace ba a ɗaki ɗaya suke ba, kuma mai gadinsu yana iya zama yaro sa'an ɗan yayata.

Akwai wani abu kuma da na lura. A wasan da ake cewa na yaƙi da ta'addanci ne, ɗan ta'addan ya ɓace. Da farko akwai wasu masu farin takunkumi, ba ƙasa, ba addini, ba buƙata, ana harbinsu kamar gwangwani. Ina ganin kamfanin ya yi hikima da bai sa musu rawani ko gemu ba, don mun gaji da ganin kamanninmu a matsayin abin harbi a wasannin Turawa, kuma na gode musu a kan wannan. Sai dai da tafiya ta yi tafiya, salon farautar 'yan ta'addan ma an sauya masa suna ya koma filin atisaye, ɓangarorin biyu da ke fafatawa duk jami'an tsaro ne, gasar ƙwararru ta Six Invitational da aka fara a 2017 kuma salon kwance bam kaɗai ake bugawa. Wasan ya zama ƙwallon ƙafa da bindiga. Ba laifi ba ne ya zama haka. Laifin shi ne a ɗauka an koyi wani abu game da ta'addanci daga gare shi, alhali tambayar da ta fi kowace nauyi, wato me ya sa mutum ya ɗauki makami a kan maƙwabcinsa, ba ta cikin faifan ko kaɗan.

Tun watan Yuni na 2025 aka buɗe hanyar shiga wasan kyauta, don haka duk mai na'ura da data zai iya saukewa, kuma zai ƙara yawa a gidajen gem na unguwanninmu. A Amurka alamar 'yan shekara 17 zuwa sama aka sa masa. A nan ba mai dubawa. Na ga yara 'yan firamare sun yi cirko-cirko a bayan manya a irin shagunan nan, kuma wannan kam ban yarda da shi ba. Mai shago ya san wanda ya isa da wanda bai isa ba, iyaye ma su daina sayen na'ura su miƙa su juya baya. Ga wanda ya isa kuwa, ni ba zan ƙwace masa fad ba. Na ga yaron da a gida ba ya iya jiran a gama magana, ga shi yana sauraron mutum huɗu, yana haƙuri, yana karɓar laifinsa idan ya yi kuskure. Ban raina wannan ba.

Abin da na yi shi ne na jira NEPA ta ɗauke wuta, muka fito tsakar gida shan iska, na ba shi labarin Mabera, wanda bai taɓa ji ba don yana ƙarami aka yi. Ya tambaye ni ko ba su tura na'urar leƙe ba kafin su shiga. Na ce masa ko an leƙa, mai bindigar da ke zaune kusa da wanda aka ɗaure ya fi kowa kusa da shi. Ya yi shiru. Can ya ce akwai ɗan ajinsu da aka ɗauke mahaifinsa a hanyar Birnin Gwari, ya yi wata biyu a hannunsu, kuma tun da ya dawo ba ya kwana da fitila a kashe. Ya ce bai taɓa tambayar yaron komai a kai ba, don bai san ta inda zai fara ba.